Sassaƙa da Kafinta a Madawa, Buza da Kaita: Yadda Sana'ar Gado Ta Koma Ta Haye

Gabatarwa

Hausa tana da sunaye biyu ga mutumin da yake cin abinci da aikin itace, watau masassaƙi da kafinta. Na farko ɗan gida ne, daga aikatau "sassaƙa" aka samo shi kamar yadda aka sami maƙeri daga ƙira, aka sami masaƙi daga saƙa. Na biyu kuwa baƙo ne. Kalmar Ingilishi ce da ta hau bakin Hausawa a zamanin Turawa, ta tsallako iyaka daga kudu har ta zauna a ƙasar da Faransa ta mallaka, inda Ba'adare ya gyara mata zama ya ce "kahinta", kamar yadda yake cewa hita a maimakon fita. Sau da yawa akan fassara kalmomin biyu da ma'ana guda, sai ka ce mutum ɗaya ne ya sake riga. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sana'o'i biyu ne, kowace da itacenta, da kayan aikinta, da ƙofar da yaro yake bi ya shiga cikinta. Za mu duba al'amarin a gundumomin Madawa da Buza da Kaita na jihar Tawa, domin inda itace ya yi ƙaranci a nan bambancin ya fi fitowa sarai.

Ƙasar da mazaunanta

Gundumomin nan uku suna cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya, ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da duwatsu, waɗanda kwaruruka da fadamu suka tsattsage, kamar kwarin Kaita da na Majiya da na Tarka. Kaita da Buza suna ɓangaren Adar, Madawa kuwa ita ce cibiyar Gobir Tudu. Wajen shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa, kuma tare da shi Lisawan suka shigo, waɗanda sarautar Kaita take hannunsu. Daga baya Kel Geres suka yi ƙarfi a kudancin ƙasar, wajen Galma da Arzarori. Djibo Hamani da Nicole Echard sun yi bayanin wannan zamani filla-filla a littattafansu da Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta Yamai ta buga a 1975. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne, gadon sassaƙa iri biyu ne suka haɗu a kasuwa guda, na Hausawa manoma da na Abzinawa makiyaya.

Masassaƙi ɗan gado

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya lura cewa Hausawa suna raba sana'a gida biyu: karda, wadda mutum ya tarar a gidansu, da shigege, wadda ya ɗauko daga waje. A yammacin ƙasar Hausa an fi cewa ɗan gado da ɗan haye. Sassaƙa tana cikin sahun farko. A Sakkwato da maƙwabtanta ana ce wa masassaƙi sakke, kuma gidan sakke sananne ne a gari kamar yadda aka san gidan maƙera da gidan wanzamai. Wajen Abzinawa abin ya fi haka tsanani, don inadan, watau maƙeransu, jinsi ne dabam mai aure a tsakaninsa, kuma hannu ɗaya ne yake ƙera takobi ya sassaƙa sirdin raƙumi da ƙafafun gado da turakun tanti da cokula.

Asalin aikin masassaƙi ragewa ne. Yana samun gungume guda, ya yi ta cire abin da ba ya so har siffar da yake nufi ta fito. Turmi, akushi, kujerar mata ƴar tsugunno, komin shayar da dabbobi a bakin rijiya, jikin ganga, duk ba su da mahaɗa ko ɗaya, ba ƙusa ba danƙo. Saboda haka kayan aikinsa kaɗan ne: gatari na sara, gizago babba da ƙarami na fafewa da daidaitawa, makankari na share baya, da ƙarfen da ake gasawa a wuta a huda rami ko a ƙona ado. Ma'auninsa a jikinsa yake, taƙi da kamu da gaba. Dukan ƙarafan nan daga maƙera suke fitowa, maƙeran Adar kuwa har cikin shekarun 1960 akwai masu narka tama daga cikinsu, Echard ta tarar da aikin ta ɗauke shi a fim. Akwai abin lura a nan. Gawayin da maƙeri ya fi so na kirya ne, turmin da mata suka fi so ma na kirya ne, ashe sana'o'in nan biyu da ba su iya rabuwa da juna suna kuma takara a kan itace guda.

Babban ilimin masassaƙi sanin itace ne, riƙon gizago yana zuwa a baya. Kirya tana da tauri, gara ba ta cinta da sauƙi, ita ce ta turmi da taɓarya da ginshiƙi. Aduwa tana da laushin fuska, ba ta yawan tsagewa, ita ake nema domin allon karatu da cokali da ƙota. Danya ba ta da nauyi kuma tana karɓar fafewa, ta dace da akushi. Marke da bagaruwa na sanduna ne da dirkoki, goriba kuwa ta rufin ɗaki. Sai ya san lokacin sara, ya san kwana nawa gungume zai yi a inuwa kafin a taɓa shi, don ɗanyen turmi da aka gaggauta yakan dare a hannun mai shi, sunan masassaƙin ya ɓaci a ƙauyuka goma. Bayan wannan akwai abin da ba a faɗa wa bare. A ƙasar da Azna da masu bori suka daɗe suna ɗaukar manyan itatuwa a matsayin gidajen iskoki, ba kowa ke ɗaga gatari a gindin tsohuwar tsamiya ko kuka ba. Masassaƙi yana da abin da yake yi kafin ya sara, daga bakin ubansa ya ji shi, ga ɗansa kuma zai bar shi. A ganina wannan asiri shi ne katangar da ta tsare sana'ar a cikin gida, domin ko baƙo ya koyi fafe turmi, ba shi da ƙarfin halin kayar da itacen da za a yi turmin da shi.

Hanyar yaro a cikin wannan sana'a a shimfiɗe take tun ranar da aka raɗa masa suna. Yana fara bin uba daji yana riƙe igiya da gora, sannan a ba shi ɓawo ya ɓare. Abin da zai soma fitarwa da hannunsa muciya ce ko ƙotar hauya, abin da in ya lalace ba a yi babbar hasara ba. Daga nan sai cokali da kujera, sai akushi, wanda yake bukatar a san kaurin bango da taɓawar yatsa. Turmi ne ƙarshe. Ba a biyan kuɗin koyo, ba a kuma yaye shi, don ba inda za shi. Da damina manomi ne kamar kowa, da rani ya ɗora kaya a jaki ya bi kasuwannin mako. Itacen kuwa ba saye yake yi ba, iznin mai gari ko mai gona ya ishe shi, ya kai turmi ko akushi gidan sarki a matsayin gaisuwa.

Takardar sara

Abin da ya fara girgiza wannan tsari doka ce. Faransawa sun kafa barikokinsu a ƙasar a farkon ƙarni na 20, amma dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta game dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ita ce ta mai da daji mallakar gwamnati, ta ware waɗansu itatuwa ta ce ba a sara su sai da takarda. Bayan samun mulkin kai a 1960 ba a sake wannan tunani ba. Dokar 4 ga Maris 1974 ta jera itatuwan da aka kare, a cikinsu akwai gawo da danya da aduwa da maɗaci da goriba da tsamiya. Mai karatu ya kwatanta wannan jeri da wanda muka kawo a sama, zai ga kusan duk abin da masassaƙi yake taɓawa ya shiga ciki. Mutumin da kakanninsa suke neman iznin iskoki da na sarki ya wayi gari yana neman iznin ma'aikacin gandun daji, da kuɗi a hannu, in kuwa aka kama shi da ɗanyen gungume sai tara.

Niyyar dokar kare daji ce, amma ta haifi abin da ba a zata ba. Tun da itacen da ya girma a gona na gwamnati ne, kuma yana iya jawo wa mai gona tara in wani ya sare shi da dare, manomi ya ga gara ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Da haka aka yi ta cin tsofaffin itatuwa ba tare da na baya suna tasowa ba.

Zuwan zarto

Kafinta ya shigo ta bariki. Kumandan yana son tebur da kujera mai jingina, da ƙofa mai makulli da taga mai buɗewa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake fafewa daga gungume. Asalin aikin kafinta haɗawa ne: a tsaga itace ya zama katako mai kauri ɗaya, a auna, a yanka, a haɗa da ƙusa ko da mahaɗa. Hausawa sun san ƙyauren katako tun da daɗewa a ƙofar gari da gidan sarki, amma da gatari da gizago ake fitar da shi, gungume guda ya ba da falle ɗaya ko biyu, shi ya sa talaka ya tsaya ga asabari da tufaniya. Zarton tsaga shi ya sauya lissafin. Sai dai itacen da ya cancanci a tsaga, mai tsawo, miƙaƙƙe, ba ya fitowa a ƙasar da ruwan samanta yake tsakanin milimita 300 da 500 a shekara. Tun ranar farko ke nan katakon kafinta baƙo ne kamar sunansa, daga dazuzzukan kudu yake zuwa. Akwatunan da aka kawo kayan Turawa a ciki ma ba a yar da su, a kwance su a miƙe ƙusoshin a yi benci.

Masu aikin na farko a garuruwan bariki galibinsu mutanen bakin teku ne, ƴan Dahome da Togo da Sanagal da Yarabawa. Ƴan ƙasa sun koya a hannunsu, waɗansu kuma sun koyo a Sakkwato da Kano da Abijan, don Adarawa sun yi suna wajen tafiya bida da rani. Harshe ya riƙe sawun hanyoyin nan duka. Kafinta da tebur da benci da kabad daga Ingilishi suke, ta hanyar Nijeriya. Tabul da aparanti daga Faransanci suke, ta hanyar bariki da lakwal. A ƙarƙashinsu akwai tsohon aro na Larabci, allo da sirdi da sanduƙi, waɗanda suka riga Turawa zuwa da ƙarnuka, kuma abin sha'awa, biyu na farko kayan masassaƙi ne. A ƙasan duka sai kalmomin gida, turmi da taɓarya da ƙota da gizago. Mai nazarin harshe yana iya karanta tarihin sana'ar daga wannan jeri ko da bai buɗe kundin bariki ba.

Kasuwar kafinta ta buɗe sosai bayan 1960. Madawa da Buza da Kaita sun zama manyan garuruwan mulki a tsarin 1964, masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki a 1966, sannan kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 suka kawo gine-ginen makarantu da asibitoci da ofisoshi. Kowane aji yana bukatar teburan ɗalibai, kowane rufin kwano yana bukatar katakon da za a kafa shi a kai. Amma abin da ya shigar da kafinta cikin gidan talaka shi ne ɗakin amarya. Jeren ƙore da akusa ya ba da wuri ga tasoshi da kwanoni, gadon kara ya ba da wuri ga gadon ƙarfe mai rumfa, shi kuma daga baya gadon katako mai fomika da madubi ya ture shi, tare da kabad ɗin da ake jera kwanonin a ciki. Uwar da a dā take zuwa gidan sakke in ɗiyarta ta isa aure, yanzu turmi da taɓarya kaɗai take saye a can, babban kuɗin yana tafiya rumfar kafinta.

Ga inda ƙofar shiga ta sauya ɗungum. Kafinta ba shi da asirin daji, don bai taɓa kayar da itace ba, a kanti yake sayen katakonsa. Ba wanda yake tambayar asalinsa. Uba yakan kama hannun ɗansa, ko ɗan ya gama firamare ko ya bar ta a hanya, ya kai shi wurin maigida ya ce ga amana. Yaro ya fara da shara da aike da miƙe tsofaffin ƙusoshi, ya wuce ga gugar katako da takarda mai kaushi, sannan a yarda ya ja zarto a kan layin da wani ya zana. Ranar da aka miƙa masa ma'auni da fensir ya zana layin da kansa, ranar ce ya fara zama kafinta. Shekarun koyo ba su da iyaka tsayayya, kuma a nan matsalar take. Ɗan masassaƙi yana gadon gizagon ubansa, aparanti kuwa ko an yaye shi ba ya fita da komai sai abin da ke kansa. Kuɗin sayen kayan aiki da katakon farko su ne suke tura da yawa daga cikinsu bida, waɗansu su dawo da jari, waɗansu kuma Abijan ko Legas ko Libiya ta riƙe su.

Fari da dashe

Binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna gangaren tuddan Kaita a rufe suke da daji a 1962. Farin da ya kai ƙarshen tsananinsa a 1973 ya soma cin su, zuwa farin 1984 kuwa dajin ya ƙare. Martanin da aka mayar ya sa sunan yankin ya zaga duniya. A 1975 ma'aikatar gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa katangun iska a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza: layi biyu-biyu na bedi, watau dogon yaro, da tazarar mita 100 tsakanin katanga da katanga, har tsawonsu ya kai ɗaruruwan kilomitoci. A watan Mayu 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tara taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, kuma a shekarar ne babban aikin raya karkara na Kaita ya tashi, da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, ana biyan ma'aikata da abinci, mafi yawansu mata, don maza sun tafi bida. Zuwa 2002 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18.

Me wannan ya kawo wa masu aikin itace? Amsar ba ɗaya ba ce ga sana'o'in biyu. Abin da aka dasa a tuddan Kaita dangin ƙaya ne, bagaruwa da dakwara da makamantansu, waɗanda suke riƙe ƙasa, su ba da makamashi da abincin dabbobi da ƙota. Ba a tsaga su a sami katakon kabad. Bedi ya fi su amfani ta wannan fuska. Daga Indiya aka kawo shi, amma dangin maɗaci ne, yana da tauri daidai gwargwado kuma gara ba ta son sa. Da aka fara sassabe katangun Majiya a shekarun 1980, sandunan rufi da dirkoki suka samu a kasuwa, masassaƙa kuma suka koyi fitar da kujera da taɓarya daga itacen da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Kafinta kuwa yana nan inda yake, idonsa a kan motar da za ta zo daga kudu.

Shi ya sa tarihin kafintan Madawa a rabin ƙarnin nan ya fi bin tarihin iyaka da na kuɗi bisa ga na ruwan sama. Nijeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rufe ta har cikin 2024, ya kuma yanke wutar lantarkin da injin gyaran katako yake dogara da ita. A Janairu 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kafinta yakan ji shi a farashin katako da ƙusa da fenti. Hatta ma'auninsa rabe yake tsakanin ƙasashe biyu: katakon Nijeriya da inci da ƙafa ake sayar da shi, takardar kwangilar makaranta kuwa da santimita ake rubuta ta, dole ya iya juya ɗaya zuwa ɗaya a kansa. Ga kuma mai walda, wanda ya ƙwace masa ƙofa da taga, don ƙarfe ba ya jin gara. Faransancin Nijar ya haɗa su biyun a ƙarƙashin kalma ɗaya, menuiserie, ta itace da ta ƙarfe, kuma haka ake koyar da su gefe da gefe a cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi. Hausa ba ta bi wannan haɗi ba, kafinta dabam, mai walda dabam.

Cibiyoyin nan sun buɗe ƙofa ta uku, ta takardar shaida, kusa da ta gado da ta maigida. Suna koyar da zane da lissafi, abin da rumfa ba ta cika bayarwa ba, amma wanda ya fito daga cikinsu sau da yawa sai ya koma rumfar wani ya koyi ciniki da mai kawo aiki da dabarar fitar da gado daga katako mara kyau. Bukata dai ba ta ragu ba: ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 1,300,000 a gundumomin uku, kuma kowace shekara ana ɗaurin aure ana gina azuzuwa.

Masassaƙi ma bai ɓace ba, ko da yake roba da kwano sun kore akushi, injin niƙa kuma ya rage wa turmi aiki. Allo yana nan muddin akwai makarantar allo, ƙota tana nan muddin ana noma da hauya, ba kuwa amaryar da ake kaiwa ba turmi. Ta fuskar doka ma abubuwa sun juya. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka soma barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassabin zamani, al'adar ta bazu har jihar Tawa. Dokar daji ta 2004 ta maye gurbin ta 1974, sannan wata doka ta 30 ga Yuli 2020 ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. Wannan ya mai da cinikin gungume tsakanin masassaƙi da mai gona, kusa da yadda yake kafin 1935, sai dai yanzu da kuɗi ake yi. Itatuwan da suka fi saurin dawowa ta wannan hanya su ne gawo da kalgo da sabara da aduwa, waɗanda suke isar mai yin ƙota da allo. Kirya tana da jinkirin girma ƙwarai, kafin ta yi kaurin da za a fafe turmi sai ta shekara da yawa, saboda haka mai son turmin kirya a kasuwar Tamaske ko ta Tunfafi yakan biya har da kuɗin motar da ta ɗauko shi daga kudu.